Yadda ake bin salsalar iyalin Afirkana ta takardun gado da na coci

Afirkana su ne fararen fatar Afirka ta Kudu masu magana da harshen Afirkans. Duk Ba'afirkanen da ya zo mini da maganar neman asalinsa, da sunan kakan farko yake zuwa a baki. Zai ce ai su Du Plessis ne, daga Faransa suka zo a 1688, ko su Van der Merwe ne, tun zamanin Jan van Riebeeck, wanda ya kafa zangon 'yan Holan a Cape, kakansu yake can. Sau da yawa gaskiyarsa ne, domin yawancin sunayen nan mutum ɗaya ne ya sauko da kowanne daga jirgin ruwa. Sai dai tsakanin wancan kakan da shi mai maganar akwai hawa goma ko sha biyu, kuma a tsakiyar nan ake ɓacewa. Don haka nakan ce masa ya ajiye kakan farko a gefe tukuna. Daga ƙasa ake farawa, daga mamaci na kusa, kuma ba a hawa mataki na gaba sai da takardar da ta ambaci uba da uwa da sunansu.

Tushen mutanen a taƙaice ke nan: kamfanin fataucin Holan da ake kira VOC ya kafa zango a Cape a 1652, a 1657 ya sallami wasu ma'aikatansa su yi noma na kansu. Daga nan aka yi ta samun sojoji da ma'aikatan jirgi, 'yan Holan da Jamusawa masu yawa, suna zama. A 1688 da 1689 Faransawa 'yan Furotesta masu gudun tsangwama, wajen mutum 200, suka iso aka zaunar da su a yankin Drakenstein da Franschhoek. Mutane kaɗan ne suka hayayyafa, suna auren junansu, suna maimaita sunaye iri ɗaya. Wannan shi ne sauƙin aikin, shi ne kuma wahalarsa.

Kafin ka taɓa kwamfuta, zauna da tsofaffin gidan. Abu huɗu nake nema a bakinsu. Cikakken sunan yanka, ba sunan da ake kiran mutum da shi ba, don Koos a takarda Jacobus ne, Fanie Stephanus ne, Sannie Susanna ce, Lenie kuma Magdalena. Sai sunan gidan su matar kafin aure. Sai sunan gona tare da gundumarta, domin gonakin da ake kira Rietfontein ko Nooitgedacht ba su ƙirguwa a Afirka ta Kudu, sunan gona kaɗai ba ya kai ka ko'ina. Sai cocin da suke bi, saboda Afirkana coci uku gare su masu kama da juna a suna: NG Kerk wadda ita ce uwa, da Hervormde Kerk ta yankin Transvaal da ke arewacin ƙasar, da Gereformeerde Kerk da ta ɓalle a 1859, wadda ake wa mabiyanta laƙabi da Dopper. Littattafan ta farko na Cape suna Stellenbosch, na ta biyu suna Pretoria, na ta uku suna Potchefstroom. Ka tambaya kuma ko akwai tsohon Baibul na gida. A shafukan farkonsa ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa da hannun maigida. Da yawansu sun ƙone ko sojojin Ingila sun kwashe lokacin da aka ƙona gonaki a yaƙin 1899 zuwa 1902, amma inda ya tsira, ba ka da shaida mafi kusa da shi.

Takardar sanarwar mutuwa

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe. A Afirka ta Kudu idan mutum ya rasu ya bar dukiya, ana kai rahoto ofishin mai kula da gado na babbar kotu. Takardar farko a fayil ɗin ita ce sanarwar mutuwa, sterfkennis a harshensu. A Cape tun 1834 ake cike ta. Kada ka haɗa ta da takardar shaidar mutuwa ta likita, wadda babban abin da za ta ba ka shi ne ciwon ajali da shekaru. Ita sanarwar shafi ɗaya ce mai tambayoyi a jere: sunan mamaci, inda aka haife shi, sunan ubansa da na uwarsa, shekarunsa har da watanni, sana'arsa, matar da ya bari da matan da suka riga shi, ranar rasuwa da gidan da ya rasu, sannan sunayen 'ya'yansa duka, manya da ƙanana. 'Ya'ya mata masu aure sau da yawa ana rubuta su tare da sunan mazajensu. Wato shafi guda ya ɗaure maka hawa uku, ya kuma ba ka surukai a kyauta.

Hanyar samunta ita ce manunin intanet na rumbun adana takardun ƙasar, wanda ake kira NAAIRS. Ba hoton takarda yake bayarwa ba, lambar inda take yake bayarwa. Za ka ga haruffa uku da ke nuna rumbu: KAB na Cape Town, TAB na Pretoria mai riƙe da takardun tsohuwar Transvaal, VAB na Bloemfontein, NAB na Pietermaritzburg. Sai haruffan jerin: MOOC a Cape, MHG a Transvaal da Free State, MSCE a Natal. Sai lambar kundi da shekara. Rubuta su duka kamar yadda suka fito, kada ka taƙaita. Da su za ka shiga shafin FamilySearch, inda aka sa hotunan fayil-fayil masu ɗimbin yawa kyauta, ko ka ba wani mai bincike a garin ya ɗauko maka. Rumbun Cape Town yana titin Roeland, a harabar tsohon kurkuku, bangon gidan yarin na waje yana nan tsaye har yau. Fayilolin shekarun baya-bayan nan kuwa yawanci suna ofishin mai kula da gadon ne, ba su iso rumbu ba.

In mace kake nema, gwada sunan mijinta haɗe da sunan gidansu, domin ana shigar da ita da sunan miji sannan a biyo da kalmar gebore ko born da sunanta na asali. Kuma kada ka tsaya a takardar kakanka shi kaɗai. Nemo ta 'yan uwansa. Wanda ya cike takardar mutum ne cikin jimami, wataƙila suruki ne ko maƙwabci, zai iya rubuta sunan uwar mamaci rabi ko ya ce ba a sani ba. Abin da wannan ya manta, takardar ƙanen mamacin takan faɗa. Karanta sauran fayil ɗin ma: wasiyya, wadda miji da mata kan yi tare, da lissafin rabon gado. Dokar Holan da aka bi a can tana raba gado tsakanin 'ya'ya maza da mata, shi ya sa ba a tsallake sunan kowa, har jikokin da iyayensu suka riga rasuwa.

Talaka ne matsalar. Wanda ya zauna a gonar wani yana noma a raba, wanda suke kira bywoner, zai iya mutuwa ba a buɗe masa fayil ba. Nan sai ka koma rajistar gwamnati ta haihuwa da mutuwa, wadda ta zama dole a Cape a 1895, a Transvaal a 1901, ko ka duba hotunan duwatsun kabari da reshen intanet na ƙungiyar masu binciken nasaba, eGGSA, ya tara daga maƙabartun birni da na gonaki. Ƙidayar jama'a kuwa kada ka ɓata lokacinka, ba a adana takardun gida-gida na tsofaffin ƙidayoyin ƙasar ba.

Littafin coci da rikicin suna

Da ka samu sunan uba da uwa da shekarar haihuwa, sai littafin baftisma. Shafin yana da layuka a tsaye: rana, sunan yaro, uba, uwa da sunan gidansu, sai shaidu. Da Holanci aka rubuta, domin sai 1925 Afirkans ya zama harshen hukuma. Kalmomin da za ka buƙata ba su da yawa: geboren haihuwa, gedoopt baftisma, getrouwd aure, overleden rasuwa, weduwe matar da mijinta ya rasu, getuigen shaidu. In ka ga 7ber Satumba ake nufi ba Yuli ba, 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba.

Ka fara sanin wace coci ce take tsaye a shekarar da kake nema. Ta Cape Town 1665, Stellenbosch 1686, Drakenstein 1691, Tulbagh 1743, Swartland 1745, Graaff-Reinet 1792, Swellendam 1798. Makiyayin da ke can cikin Karoo, busasshen yankin da ke nesa da gaɓar teku, a 1770 ba shi da coci kusa. Sai ya ɗaura wa shanu keke ya yi tafiyar makonni zuwa Tulbagh ko Drakenstein lokacin taron jibin Ubangiji, ya kawo yara biyu ko uku a yi musu baftisma rana ɗaya. Saboda haka ranar baftisma ba ranar haihuwa ba ce, kuma garin da aka yi ta ba lalle nan iyalin suke zaune ba.

Yanzu ga tarkon. Afirkana suna da tsarin raɗa suna da suka riƙe gam har cikin ƙarni na 20. Ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, na biyu kakan wajen uwa, na uku sunan uban. 'Yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta wajen uba, ta uku sunan uwar. Bahaushe ya san wannan, gidan da 'ya'ya biyar kowanne ya mayar da sunan mahaifinsu sai an koma Abba da Baffa da Khalifa kafin a rarrabe jikoki. To haka, sai dai a littafin coci ba a rubuta laƙabi. Dattijo mai 'ya'ya maza shida zai bar jikoki shida masu sunansa cif, a gunduma ɗaya, cikin shekara goma. Idan yaro ya rasu kuma, sai a mayar wa na bayansa sunan. Paul Kruger, shugaban tsohuwar Transvaal, ma cikakken sunansa Stephanus Johannes Paulus, biyun farko na kakansa ne na wajen uba. Matarsa ta fari 'yar gidan Du Plessis ce, da ta rasu ya auri wata 'yar danginta, ita ma Du Plessis. Mai gaggawa sai ya haɗe su mace ɗaya.

Abin da ke raba Johannes da Johannes shi ne sunan matarsa da shaidun baftismar 'ya'yansa. Shaidun nan kusan kullum kakanni ne da kawunnai da gwaggonni. Ni nakan kwafe su duka a takarda daban, yaro bayan yaro. In ka ga mace ɗaya ta tsaya wa 'yar fari kuma sunansu ɗaya, to kakar wajen uwa ce ka samu, ko da babu takardar da ta faɗa kai tsaye. Tsarin sunan kansa ma yana nuna hanya: jera 'ya'yan bisa haihuwa, sunayen kakanni huɗu za su fito da kansu. Amma wannan zato ne mai ƙarfi, ba hujja ba, sai ka je ka tabbatar.

Inda zaren kan tsinke

Wuri biyu. Na farko babbar ƙaurar da ta fara a 1835 da 1836, lokacin da dubban manoma suka bar mulkin Ingila a Cape suka nausa arewa. Babu fasto na NG Kerk da ya bi su. Yaran da aka haifa a hanya wasu sun girma kafin a yi musu baftisma, wasu a hannun ɗan mishan Ba'amurke Daniel Lindley, wasu a hannun Andrew Murray da ya riƙa ƙetare kogin Vaal daga Bloemfontein tun 1849. Yaron da aka haifa a Transvaal kana iya tarar da shi a littafin Pietermaritzburg ko Winburg. In iyalin sun ɓace gaba ɗaya, tuna cewa wasu sun wuce Angola a tafiyar Dorsland da ta fara a 1874, wasu bayan yaƙi sun tafi Patagoniya a Ajantina, wasu Eldoret a Kenya.

Na biyu yaƙin 1899 zuwa 1902. Farar fata kusan 28,000 ne suka mutu a sansanonin da Ingila ta tsare iyalan Boer, wato manoman Afirkana, mafi yawansu yara, ban da dubban baƙaƙen fata da suka mutu a nasu sansanonin waɗanda ba a kula da rubuta sunayensu yadda ya kamata ba. In ka ga gida mai haihuwa duk shekara biyu sai ga gibi a wannan tsakanin, duba kundin sansanonin da Jami'ar Cape Town ta sa a intanet. Yana ba da suna, shekaru, gonar da aka kwaso su, wani lokaci har lambar tanti. Mazan da aka kama kuwa an kai su tsibirin Saint Helena, Silon (Sri Lanka ta yau), Bamuda da Indiya, gidan tarihin yaƙin da ke Bloemfontein yana da sunayensu.

Idan ka kai wajen 1830 da takardu a hannu, yanzu ne lokacin buɗe littattafan nasaba da aka buga. C.C. de Villiers ne ya tattara na farko, aka buga shi a 1893 da 1894 bayan rasuwarsa, C. Pama ya sabunta shi a 1966, sannan J.A. Heese da R.T.J. Lombard suka fara babban jerin da ya kai kundi 17. Duka da lamba iri ɗaya suke aiki. Kakan farko a ne, 'ya'yansa b1, b2, b3 bisa haihuwa, jikoki c, tattaɓa-kunne d, haka har ƙasa. In ka ga b3c5d1, ɗan farin ɗa na biyar na ɗa na uku ke nan. Tauraro haihuwa ne, layi biyu masu lanƙwasa baftisma, x aure, xx aure na biyu, gicciye rasuwa. Aiki ne na ban mamaki, amma masu shi ma sun faɗa tarkon sunayen nan a wurare, kuma kuskuren da aka buga sau ɗaya an kwafe shi sau dubu a bishiyoyin iyali na intanet. Bishiyar da ba ta nuna lambar kundi ko shafin coci ba, ni jita-jita nake ɗaukarta.

Kafin 1834 babu sanarwar mutuwa, amma akwai ofishin kula da dukiyar marayu, wanda ke aiki tun shekarun 1670. Jerinsa mai lamba MOOC 8 lissafin kayan mamata ne, an kwafe shi an sa a intanet. Ɗaki-ɗaki ake bi: gado da katifar gashin tsuntsu, tukwanen tagulla, bindiga, gangunan giya, tumaki ɗari kaza. Akwai kuma rajistar haraji ta shekara-shekara, opgaafrolle, mai nuna maigida da matarsa da yawan 'ya'ya da dabbobi da kurangar inabi, da ita za ka ga shekarar da iyali suka tashi daga wannan gunduma zuwa waccan. A cikin lissafin nan, tsakanin shanu da kujeru, za ka ci karo da mutane: bayi, da sunan da ubangida ya laƙa musu, sau da yawa sunan wata irin su Januarij ko September, sai ƙasar da aka kamo su. Ka kwafe su kamar yadda ka kwafe kowa. Zuri'arsu ma suna nema, kuma takardar iyalinka ce kaɗai wurin da sunan ya rage.

Bi ta wajen mata

Masu neman asali sun fi son bin layin maza saboda sunan gida. A ganina rabin labarin suke zubarwa, kuma rabin da aka fi ɓoyewa. A shekarun farko matan Turai sun yi ƙaranci ƙwarai a Cape, maza da yawa suka auri 'yantattun bayi ko 'ya'yansu. Angela van Bengale baiwa ce daga Indiya, an 'yanta ta a 1666, ta auri Arnoldus Basson a 1669, ita ce uwar gidan Basson. Krotoa, 'yar ƙabilar Khoi mai yi wa Van Riebeeck tafinta, wadda aka sa wa suna Eva, ta auri Pieter van Meerhof a 1664, ta 'yarta Pieternella gidan Saayman ya fito. Christoffel Snijman, tushen gidan Snyman, ɗan baiwa ne daga gaɓar Indiya, ya auri 'yar Faransawa. Alamar da za ka lura da ita a littafin coci ita ce mace marar sunan gida, sai van Bengale, van Batavia, ko van de Kaap, wato haifaffiyar Cape. Sunan uban yaro kuma wani lokaci babu shi sam.

A zamanin wariyar launin fata, bayan dokar hana auren jinsi ta 1949 da ta rarraba jama'a ta 1950, irin wannan bayani yana iya rushe rayuwar mutum, shi ya sa iyalai suka binne shi. Duk da haka a 1971 J.A. Heese ya lissafa daga littattafan aure cewa wajen kashi 7 cikin 100 na asalin Afirkana ba na Turai ba ne. Wani binciken ƙwayar halitta da aka buga a 2020 a kan mutum 77 ya sami matsakaicin kashi 4.7, daga kudancin Asiya da Khoisan da gabashin Asiya da yammacin Afirka, kuma kusan kowa a cikinsu yana da shi. Yammacin Afirkan ba abin mamaki ba ne: a 1658 jirgin Hasselt ya sauke bayi fiye da 200 da aka ɗauko daga Popo, a gaɓar Benin ta yau. Shekaru hamsin na farko an yi musu bincike mai zurfi a wani shiri na intanet mai suna First Fifty Years, can za ka duba duk macen da ta tsaya maka. Bin layin mata yana da amfani ko a asibiti: cutar gado ta porphyria da ta yaɗu a cikinsu an bi sawunta har zuwa aure ɗaya na 1688, na Gerrit Jansz van Deventer da Ariaantje Jacobs, marainiyar da aka turo daga Rotterdam.

Sai ƙetare teku. Sunan da kake ɗauke da shi yau wataƙila ba haka ya sauka ba, magatakardan Holan yadda kunnensu ya ji suke rubutawa. Pinard ya koma Pienaar, Villion ya koma Viljoen, Jourdan Jordaan, Le Clercq De Klerk. Botha asalinsa Bajamushe ne mai suna Friedrich Both, kakan su Kruger kuma, Jacob, daga Berlin ya zo a 1713. Wasu ma ba su da sunan gida a farko, sai Jansz ko Willemsz, wato ɗan Jan, ɗan Willem. Rumbun ƙasa na Holan da ke Hague ya sa littattafan albashin ma'aikatan jiragen VOC a intanet, galibi na ƙarni na 18. Za ka sami sunan mutum, garin da ya ce ya fito, muƙaminsa, sunan jirgi, ranar tashi, da ranar da aikinsa ya ƙare a Cape. Gwada rubutun sunan iri uku ko huɗu, sunan garin ma ka faɗe shi da ƙarfi ka saurara, domin ƙauyukan Jamus sun sha mugun rubutu a hannun magatakardan nan. In garin ya tabbata, littattafan cocin Furotesta na Jamus suna shafin Archion wanda ake biya, na Katolika da yawa suna Matricula kyauta, na Holan kuma a WieWasWie.

Masu sayar da tambarin sarauta na iyali za su same ka a daidai wannan gaɓar, da hoton garkuwa da zaki da sunan gidanku a ƙasa. Riƙe kuɗinka. Littafin albashin zai nuna maka abin da mafi yawan kakannin nan suke: soja mai albashin gilda 9 na kuɗin Holan a wata, wanda sau da yawa tun kafin jirgi ya tashi ya riga ya jinginar da albashinsa ga mai masaukin da ya ciyar da shi a Amsterdam, kuma bashin yana rubuce a shafin da ke ɗauke da sunansa.